Karen da Manthati Ta Ɗauko

Shekara ashirin da uku wayar shinge ce kawai tsakanin gidana da na Mme Manthati a unguwar J, nan Botshabelo. In ta yi tari ina ji, in na ƙona tuwo tana sani. Don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin famfo na tsinto shi ba.

A gonar wani Bature aka haife ta, kusa da Excelsior, inda mahaifinta yake kiwon tumaki. Tana da shekara goma sha shida aka kore su, aka juye su a nan da ƙullin kayansu, lokacin garin nan fili ne da tantuna. Ta yi shekara goma sha tara tana ɗinka aljihun wando a wani kamfani, har ranar da suka je aiki suka tarar da kwaɗo a ƙofa, an kwashe kekunan ɗinkin. Mijinta haƙar zinariya ya yi a Welkom. Ya dawo gida da tari, tarin kuma bai bar shi ya cika shekara huɗu ba. Ya bar mata 'ya ɗaya, Nthati, da gida mai ɗaki biyu wanda suka yi shekara goma sha ɗaya suna jiran gwamnati ta ba su. Da suyar makwenya ta riƙe gidan. Kullum sai ta cika bokiti biyu da fanken nan ta kai tashar tasi, kuma da shi ta yi wa Nthati karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya a Bloem.

'Yar ƙarama ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma direbobin tasha tsoron bakinta suke ji. Wanda ya ce makwenyar yau ta yi ƙanƙanta, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Cikinka ne ya ƙara girma, ɗana, ba hannuna ne ya rage ba."

Wata Talata da ƙarfe biyu na rana samari uku suka shigar mata gida. Suka ɗaure ta da wayar butar lantarki, suka cusa mata tsumman goge kwano a baki, suka ɗauki tukunyar gas da waya da bargon aurenta. Da za su fita ɗayan ya juyo ya ce, "Yi haƙuri, Nkgono." Kaka ya kira ta, kuma ta gane muryar. Yaro ne da ya sha cin makwenyarta tun yana sa gajeren wando. Ni na same ta wajen ƙarfe biyar, hannuwanta sun yi suntum.

Ba su doke ta ba, amma matar da na kwance ba ita ce wadda suka ɗaure ba. Ta daina zuwa tasha. In kwano ya faɗi a gidana sai na ji ta tura sakata. Nthati ta zo a ƙarshen mako ta zauna a bakin gado tana lallashi.

"Mme, tattara ki zo Bloem. Ga ɗaki, ga jikokinki."

"In bar gidan ga wa? Ga su?"

"Bulo ne da kwano, Mme."

"A gare ki bulo ne. Ubanki a ɗakin nan ya cika. Ba za a kore ni sau biyu a rayuwa ɗaya ba."

A layin karɓar maganin suga wata mata ta ba ta labarin gidan da ake tara karnukan da aka yasar, can bayan garin Bloem. Ta ce ko mai ƙaramin ƙarfi ana ba shi, in dai an ga zai riƙe. Ranar Asabar Manthati ta leƙo ta shinge ta ce, "Seipati, sa takalminki ki raka ni." Sai da muka shiga tasi ta gaya mini inda za mu.

Wata Baturiya ce ta tarbe mu, Elsabe, doguwa mai furfura, da takalmin roba. A gona ta tashi, don haka Sesotho a bakinta kamar na kakata. Ta yi ta nuna mana karnuka matsakaita masu tsalle da kaɗa wutsiya. Manthati ta wuce su kamar tana wuce tumatirin jiya. A keji na ƙarshe ta tsaya.

Da fari na ɗauka ɗan maraƙi ne. Burbul ne, irin na gonakin Turawa, ja, da baƙin baki, kansa ya kai girman bokitin makwenya. Yana kwance ya ba mu baya, hancinsa a bango. Gashin wuyansa ya goge a zagaye, wurin ya zama fata zalla.

Elsabe ta ce, "Ba naki ba ne wannan, Mme. Ya fi ki nauyi."

"Mijina ma ya fi ni nauyi, na riƙe shi shekara ashirin da shida. Me ya sami wuyansa?"

"Sarƙa. A wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa aka ƙwato shi. Shekara huɗu a ɗaure, suna dukansa da sanda don ya yi zafi. Bai taɓa cizon kowa a nan ba, amma in ya ga sanda a sama ba ya cikin hankalinsa. Wata bakwai ke nan ba wanda ya tambaye shi."

"In ba wanda ya ɗauka fa?"

Elsabe ta ce, "Sai allurar mutuwa, Mme."

Manthati ta tsuguna a bakin kejin da ƙyar saboda gwiwa. Ba ta kira shi ba, ba ta miƙa hannu ba. Na ja mayafinta na ce, "Ausi, yayata, tashi mu tafi, wannan ba kare ba ne, masifa ce." Ko kallona ba ta yi ba. Mun fi rabin awa a haka kafin ya ɗaga kai ya dube ta, ya mayar ya kwantar.

Ta ce, "Shi ma sun ɗaure shi. Shi nake so."

Elsabe ta kafa sharaɗi. Sai Manthati ta zo sau huɗu sun saba, sai an yi katanga da ta fi tsayin mutum, kuma ita da kanta za ta zo ta duba. Ba a fita da shi sai da takunkumi, ba a ɗaga sanda a gabansa, ko ta tsintsiya ce.

Ntate Ramathe ne ya yi katangar. Magini ne, kuma dattijon cocinmu, mutum mai raha wanda rabin gidajen layinmu hannunsa ne. Kwana tara yana aikin yana tsokanarta.

"Mme Manthati, zaki za ki kawo ne, ko kurkuku kike wa kanki?"

"Ɗora bulonka, Ntate. Ba a kira ka wa'azi ba."

"To in ya cinye ki wa zai ba ni shayi?"

"Sai ka roƙe shi, wataƙila ya fi ni kirki."

A bayan a-kori-kurar Elsabe aka kawo shi. Duk layin suka fito, kowa daga bakin ƙofarsa. Manthati ta sa masa suna Thaba, wato dutse.

Abin dariya, in da abin na dariya ne, karen da unguwa take tsoro shi ma tsoro yake ji. Mako biyu ba ya cin abinci sai ta juya masa baya. In ta ɗauki muciya sai ya shige bayan tankin ruwa yana rawar jiki. Ta ba ni tsintsiyarta mai dogon hannu, ta koma shara a duƙe da ta ciyawa, ga ciwon baya. Kullum sai ta tuƙa tuwon masara tukunya guda, ta dafa kai da ƙafafun kaji, shi ya ci kashi uku ita ta ci ɗaya. Da hantsi takan zauna a kan bokitin fenti tana tsince wake tana yi masa hira, ina jiyo ta ta bayan katanga. Har labarin mijinta ta ba shi, wanda ni ba ta taɓa ba ni ba.

A wata na biyu ya fara ɗora mata kai a cinya. Nauyin kan kan sa ƙafarta ta mutu, amma ba ta motsawa. A wata na uku ta koma tasha da bokitinta. Na ga fuskarta ta ciko, bakinta ya dawo. Ba zan ɓoye wannan ba, karen ya tayar da ita daga inda maganin asibiti da addu'armu suka kasa. Ba wanda ya sake taɓa ko ƙofar gidanta.

Sai dai ba ɓarayi kaɗai ya hana zuwa ba. Mai zuwa aron gishiri ta daina. Yara suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titi. Matan Alhamis, da muke zagaya gidajen juna muna addu'a, suka tsallake nata ba tare da an ce komai ba. Ni kaɗai nake shiga, ni ma sai ta riƙe shi. Bai taɓa yi mini gurnani ba, amma yakan kafe ni da ido har sai na fita.

A watan Nuwamba ya kayar da ita. Ta fito da shi da takunkumi za su zagaya filin ƙwallo, sai ga amalanken jakai, mai shi ya ɗaga bulala. Thaba ya zabura. Ta naɗe igiyar a hannu, don haka bai fizge ya bar ta ba, jan ta ya yi a kan tsakuwa tun daga shagon Ntate Tsoeu har bakin kwata. Tsintsiyar hannunta ta karye, fatar kumatunta ta saɓule. Da ya tsaya sai ya dawo ya kwanta a gefenta yana kuka, ya hana kowa matsowa ya ɗaga ta.

Nthati ta zo da kayan aikinta a jiki. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta ƙi shiga.

"Dubi fuskarki, Mme. Gobe me zai karya?"

"Ba da gangan ya yi ba. Tsorata ya yi."

"Na san abin da ake kawo mana asibiti. Duk masu karen haka suke cewa. Tagwayena shekararsu biyar, kansu bai kai bakinsa ba. Muddin yana gidan nan ba zan kawo su ba."

"Sai in rufe shi in sun zo."

"Da wane hannun?"

Manthati ta dubi hannunta da ke cikin filasta ta ce, "In na mayar da shi, allura za su yi masa."

"To ki zaɓa."

"Ban haife ki don ki ba ni zaɓi ba."

Kirsimetin nan su biyu suka yi shi, ita da karen. Ta soya kaza, ta yi wa tagwayen biskit ta cika gwangwani, ko za a canja shawara. Ba a canja ba. Ni ta miƙo wa gwangwanin ta saman katanga ta ce in ba jikokina.

Bayan sabuwar shekara rediyo ta yi ta maganar wani yaro da kare ya kashe a wani gari. Ba irin Thaba ba ne ma, amma wa zai tsaya bambancewa. Aka fara jifar kwanon gidanta. Sau biyu ta tsinci nama da baƙin garin guba a jiki an wurgo ta katanga. Wata rana da safe ta tarar an rubuta mata zagi da gawayi a ƙofa. Ta wanke, ta ɗauki bokitinta ta tafi tasha. Na ce mata, "Ausi, wanda ya ɗauko dutse ya ji ya fi ƙarfinsa, ajiyewa yake." Ta ce, "A ina? Nuna mini inda zan ajiye shi ya kwana da rai."

Sanyin watan Yuni, tsakiyar hunturunmu, ya kwantar da ita. Mura ce ta sauka a ƙirji, suga ya hau, ta yi kwana shida ba ta fita. Ni nake shiga in dama mata kunun dawa, in zuba wa karen nasa daga nesa. Ni ce kuma na je wurin matan Alhamis na ce abin kunya ne mace ta yi shekara talatin tana coci ta kwanta ba wanda ya leƙa ta. Na ce zan rufe karen da hannuna. Mata huɗu suka yarda, Ntate Ramathe ya ce zai ja mu, shi da sandarsa ta addu'a.

Akwai ɗakin kwano a bayan gidan, inda take ajiye gawayi. Da ƙarfe uku na rana na jefa ƙashi ciki, Thaba ya bi, na tura ƙofa. Sakatar ta daɗe da lalacewa, da waya ake ɗaurewa, kuma Manthati ta sha gaya mini sau uku ake naɗawa a murɗe. Yatsuna sun ƙage da sanyi. Ina jin numfashinsa ta jikin kwanon, daidai cinyata. Na naɗa sau ɗaya, na yi sauri na bar wurin.

Muka shiga da kayanmu na coci, shuɗi da fari, muka kewaye gadon. Aka ɗauki waƙa, ana tafi ana buga ƙafa. Manthati ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Ntate, sandar." Ya bar ta a jingine a bakin ƙofa, kamar yadda ta roƙa tun farko. Amma addu'a ta yi zafi, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi wa marasa lafiya addu'a da sandarsa, hannunsa ya san hanya. Ban ga lokacin da ya ɗauko ta ba. Na dai ga ya ɗaga ta a kan Manthati yana kiran sunan Ubangiji da ƙarfi, ita kuma ta fashe da kuka, irin kukan da addu'a kan kawo.

Ƙara ɗaya muka ji daga baya, kamar an jefar da baro. Bai yi haushi ba. Ya ratsa tsakanina da wata mata, ya kama hannun daman Ntate Ramathe ƙasa da gwiwa, ya kai shi ƙasa. Na ji ƙashi ya ba da sauti. Ya riƙa girgiza shi yadda ake girgiza tsumma. Muka doke shi da kujera, aka watsa masa ruwan wanka, ko gezau. Manthati ce ta gangaro daga gado da rarrafe, ta kwanta a bayansa, ta sa bakinta a kunnensa tana cewa, "Thaba, ya isa. Ga ni, ba abin da ya same ni. Ya isa, ɗana." Sai ya saki. Ya ja da baya ya zauna a gabanta, jini na ɗiga daga bakinsa, yana dubanta kamar mai jiran a ce ya kyauta.

Da motar maƙwabci aka tafi da Ntate Ramathe, an ɗaure hannun da ɗamarar coci. Kafin awa ɗaya layin ya cika. Na ga duwatsu, na ga shebur, na ga wani da fetur a robar lemo. Manthati ta kulle karen a ɗakin kwananta, ta fito ta tsaya a ƙofar gida cikin bargo, tana dafe da bango don kada ta faɗi.

Wani ya ce, "Fito da shi, tsohuwa, ko mu ƙona har gidan."

Ta ce, "Na san uwarka, Tefo, na san ranar da aka yanke maka cibiya. In ƙonawa za ka yi, fara da ni, ga ni kusa."

Matar Ntate Ramathe ta ratso mutane ta tsaya gab da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. An gaya miki, Manthati. Kowa ya gaya miki."

Ni na kira Elsabe. Ta iso tare da 'yan sanda rana na shirin faɗuwa. Manthati da kanta ta sa masa takunkumi ta kai shi bayan motar, yana tafe yana goga kafaɗa a jikinta. Wani dutse ya same shi a haƙarƙari, bai ko juya ba.

Ranar Litinin, da ta iya tsayuwa, na raka ta Bloem. A hanya ta yi ta lissafa gonakin da za a iya kai shi, inda ba mutane ba sanda. Elsabe ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Mme, ba zan iya ba wa kowa shi ba bayan wannan. Laifin har da nawa. Na ga yadda kuka yi da juna, zuciyata ta rinjaye ni."

"Kare ni ya yi. Abin da na ɗauko shi ya yi ke nan."

"Na sani."

"To a kan me za a kashe shi?"

"A kan hannun Ntate Ramathe. Da hannun wanda zai biyo baya."

Elsabe ta miƙo takardar amincewa a yi masa allurar, Manthati ta daɗe tana kallonta kafin ta sa hannu. Ta ce ita za ta riƙe shi. Ta zauna a ƙasa a kan siminti mai sanyi, ya zo ya kwanta ya ba ta kansa. Ta buɗe ƙullin mayafinta ta fito da makwenya biyu da ta sa na soya da safe, ta ba shi ɗaya bayan ɗaya. Ni dai waje na fita. Da ta fito ba ta yi kuka ba. Ta ce mu yi sauri kada tasin ƙarfe ɗaya ya cika.

Ntate Ramathe ya yi mako biyar a asibiti. Ba a yanke hannun ba, amma yatsu uku sun mutu, ba ya iya riƙe cokalin gini. Mutum ne mai shekara hamsin da takwas da 'ya'ya biyu a makaranta. Yanzu tsayawa yake a kan masu aikin wasu yana nuna musu da haɓa, in an kira shi. Ba kullum ake kira ba.

Ranar da ya fara fita, gidan Manthati ya nufa. Ina tsakar gidanta ina mata wanki ya shigo, hannun a rataye a wuya. Ta miƙe ta rasa inda za ta sa idonta.

Ya ce, "Zauna, ban zo faɗa ba. Da wane hannun ma? Na zo duba aikina ne. Katangar nan ba ta da laifi, ta hana shi fita. Ni ne na shigo."

"Ntate, ban san da wane baki zan…"

"Kin ce in ajiye sanda, ban ajiye ba. Aka ce kada ki ɗauko kare, kika ɗauko. Taurin kai biyu ne suka haɗu a ɗaki ɗaya." Ya ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ya dubi yatsunsa. "Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, Mme. Da safe in matata tana sa mini maɓallin riga, ba na iya yi miki addu'a. Ina ƙoƙari, ba ta fitowa. Wataƙila nan gaba."

Ta ce, "Ko ba ta fito ba, ba ka yi laifi ba."

Ya sha shayi da hannun hagu, rabi ya zube masa a wando.

Ba a kore ta daga coci ba. Sai dai in ta zauna, bencin yakan yi fili dama da hagu. A tasha ma cinikin ya ja baya. Ta jure har watan Satumba, sannan wata Asabar Nthati ta zo da mota aka kwashe kayan. An sa wasu ma'aurata 'yan Lesotho a gidan.

Na kai mata ziyara kafin Ista. A bene na uku suke, ɗakinta ɗaya da tagwayen. Na same ta tana tsefe wa macen kai, namijin yana kwance a bayanta yana wasa da kunnenta. Ta yi ƙiba kaɗan, suganta ya daidaita. Ba ta suya, don Nthati ta ce hayaƙin mai yana damun maƙwabta. Muka yi hirar unguwa, wa ya mutu, wa ya haihu. Da yaran suka fita na ga in ban faɗa ranar ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Ausi, wayar nan ta ɗakin gawayi. Sau ɗaya na naɗa."

Ta ci gaba da cire gashi daga matsefi.

"Na sani. Washegari na je na gani."

"Ba ki ce komai ba."

"In ce me? Mutum ɗaya ya rage mai shigowa gidana. In kore ki, wa zai dama mini kunu?" Ta dunƙule gashin ta sa a aljihu. "Na yi fushi da ke, Seipati, har yanzu ma wata rana ina yi. Ina yi da Ntate Ramathe, ina yi da masu ƙarafan nan da ban taɓa gani ba. In na gama zagayawa sai in dawo kaina. Tsoron karen kike ji, na sani, kuma na bar ki ki rufe shi."

Na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin ɗauko shi. Sai ta ajiye matsefin.

"In na ce e, na ci amanarsa. In na ce a'a, na ci ta Ntate Ramathe. Kada ki sake tambayata."

Ta raka ni har ƙasa, tana saukowa mataki ɗaya ɗaya tana riƙe da ƙarfen benen. A bakin ƙofa ta ba ni leda da sukari da ganyen shayi da man girki, ta ce in kai gidan Ntate Ramathe, in ce daga coci ne. Na ce matarsa za ta gane. Ta ce, "Ta gane mana. Ke dai ki ajiye ki fito."

Na kai. Matar ta buɗe ledar ta duba, ta dube ni, ta ɗauka ta shiga ciki.